Tukunyar 'Yan Dubiya

Da sunan Allah na fara. Wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri, malamina na allo ya sallame ni tun ban kai ko'ina ba, ya ce kaina ya fi dacewa da ɗaukar tulu. Sunana Tanko, ƙauyenmu na kusa da Yekuwa, kuma duk wanda ya san ni da tsiya ya san ni. Ni ne na taɓa gaya wa gardin kumandan, wato ɗan sandan anasara mai mulkin ƙasa, cewa jakina na jin faransanci, ya tsaya yana yi masa magana a gaban kasuwa. To, yau ba dariya na kawo ba. Na rubuta ne don masu jinyar mai firgita su ji yadda tamu ta kasance.

Mai ciwon ɗana ne na fari, don haka ba na kiran sunansa. Gari na ce masa Mati, ni kuwa yaron nake cewa, ko da yake magidanci ne da mata da 'ya'ya. Uwarsa ta rasu yana goye, yayata Hassu ce ta ɗauke shi ta raina. A wajenmu uba ba ya rawar jiki a kan ɗan fari. In ya kwanta ciwo, sai ka tambayi lafiyar akuya kafin ka tambayi tasa. Duk wata magana a kansa ta Yaya Hassu ce, ni ɗan kallo ne.

Sana'arsa haƙar rijiya. Bayan an cire gyaɗa, kumandan na Magarya ya sa a yi sabuwar rijiya a bakin hanyar da kamyo, manyan motocin kaya, ke bi. Ƙasarmu kuwa rairayi ce. Suna can ƙasa shi da abokin aikinsa sai gefe ya zubo musu. Shi an jawo shi da igiya, ƙasa har wuya, amma ko ƙwarzane babu. Abokin sai da la'asar aka kai gare shi, ya riga ya cika. Yaron ya ce yana jin hannun mutumin na motsi a ƙafarsa, har ya daina.

Satin farko ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Gaba ne ke faɗuwa, hannu na rawa, barci ya ƙaura. Mata su sa taɓarya a turmi, ya zabura. Ɗaki kuwa ya ƙi shiga, ya ce bango na matsowa, sai gindin bedin da ke tsakar gida. Matarsa Zali ta riƙa dafa masa ɗoɗɗoya da ganyen sabara, ya sha da ɗumi, ya turara sauran. Ni kuma ina zuwa in zauna can gefe ina tufkar igiya, kamar inuwar ce ta kawo ni. Wata rana sai ya miƙo hannu ya ja kaba ya kama taya ni, igiyar tana fitowa a karkace kamar rubutuna. Ran nan ya yi barcin rana har da minshari. Zali ta ce ganyen ne. Ni ban sani ba. Ko ganye, ko igiya, ko dai jiki ne ya gaji don kansa. Da an ƙyale mu haka, da mun gane.

Ba a ƙyale mu ba. Labari ya bi kasuwanni, 'yan dubiya suka fara sallama.

Bari in faɗi yadda muke yi, don na ji wasu garuruwan ba haka suke ba. A nan ba a zuwa dubiya hannu sake, kowa da saiwarsa ko sassaƙensa. Abin da aka kawo kuma ba a ajiye shi gefe, in ka ajiye ka ce wa mutum kana zarginsa ke nan, ko ka raina shi. Akwai tukunyar jiƙo da ake girkewa kusa da mai ciwo. A gaban mai kawowa za a jefa maganinsa ciki, shi kuma ya kamfata ya kurɓa, kowa ya ga ba cuta. Tukunyar ba a zubar da ita sai mai ciwo ya tashi, ruwa kawai ake ƙara mata. Wanda ya zubar, ya fid da rai ke nan.

Yaya Hassu ta girka tata, baƙa, mai faɗin baki. Baban Zali ne ya fara zuwa daga Waca da saiwar sanya, warinta ya riga shi shigowa.

Ya ce, “Wannan mujarrabi ne. Ƙanin matata ya sha.”

Na ce, “Ya warke?”

“Ya tafi Kano bai dawo ba. Amma da ƙafarsa ya tafi.”

Bayansa wani ɗan goro na Mallawa, abokin yaron, ya kawo wata saiwa mai ɗaci daga Kurmi, ya ce can ita ake ba masu taɓin hankali su kwanta kamar jarirai. Na tambaye shi yaya ake sawa. Ya ce gwargwado. Na ce gwargwadon me? Yaya ta harare ni ta ce, “Tanko, baƙo ya sha rana ya kawo alheri, kai ka tsare shi da tambaya kamar alkali? Tashi ka ba akuya ruwa.” Na tashi.

Wani maharbi ya zo da ƙulli a tsumma, ya ce ba a kwancewa, ba a kuma faɗin suna, in an faɗa ya karye. Da tsumman aka jefa. Rubutun da liman ya aiko shi kaɗai ne bai shiga tukunya ba, shi daban ake ba shi. Sauran duk ciki. Kowa ya kurɓa, kowa ya tafi gida lafiya. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, kurɓa ɗaya ce suke yi, a lokacin da nasu ko jiƙa bai yi ba. Yaron kuwa ƙoƙo cike yake shanyewa safe da yamma, na jiya da na shekaranjiya duk sun dahu a ciki.

A sati na uku ya yi shiru. Aka yi daka a gabansa bai motsa ba. Aka kama hannunsa aka kai shi ɗaki, ya shiga. Yaya ta yi guɗa, ta yi sadakar waina. Baban Zali ya ce sanya ce, ɗan goro ya ce saiwar Kurmi ce, maharbi ya yi murmushi kawai. Har ni na yi hamdala.

Sai dai ya daina tufkar igiya. Hancinsa ya toshe, leɓe ya bushe ya tsage, baƙin idonsa ya buɗe har ya kusa cinye sauran. Jiki zafi rau, ba gumi. Yana zaune yana tsintar wani abu a rigarsa, yana jefarwa, ba kuwa komai a rigar. Zali ta same ni a bayan rumbu, ta durƙusa nesa, kanta a ƙasa.

“Baba, butarsa ba ta raguwa, ba ya zagayawa. Kuma jiya ya kira ni da sunan ƙanwarsa.”

Na ce ta gaya wa gwaggonsu. Ta ce ta faɗa, an ce mata iskar rijiya ce ke fita.

To, ni mutum ne da ba a barin sa da abu a rufe. Da rana tsaka, Yaya ta tafi ɗiban ruwa, na ɗauki ƙoƙon nan na cika shi yadda ake cika wa yaron, na shanye. Ɗaci kamar an wanke takalmin gardi a ciki. Kafin azahar harshena ya zama busasshiyar fata. Na ga rumbuna ya miƙe da ƙafafu ya nufi hanyar Dungas, na bi shi ina roƙo ya bar mini hatsin. Bayan wannan ban san komai ba. An ce a garken awaki aka tsince ni, ba wando, ina yi wa bunsuru gaisuwar sarki. Sai washegari na dawo hayyacina, mara kamar za ta fashe, fitsari ya ƙi fita. Abin da ba wanda ya gani shi ne, duk lokacin nan a tsorace nake, tsoron da ban taɓa ji ba, baki ne kawai ya ƙi buɗewa.

Na je na gaya wa Yaya. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

“Kwaɗayi dai, Tanko! Har maganin ɗanka?”

“Yaya, wallahi abin da ke cikin tukunyar nan ba lafiya ba ne.”

“Kai ƙalau kake, shi ya sa ya buge ka. Bai sami ciwon da zai kama ba, ya kama ka. Shi da ke da ciwon ba ga shi kwance lafiya ba?” Sai ta sauke murya. “Kuma yaushe ka fara sa baki a sha'anin ɗan fari? Da furfurarka?”

Kafin yamma labarin bunsuru ya gama gari. Na gaya wa maza a dandali abin da na ji a jikina, suka ce in sake faɗi, wurin rumbun ya fi daɗi. Duk ƙauyen nan ni kaɗai na gwada maganin yadda mai ciwo ke shan sa, kuma ni kaɗai ne ba a yarda da maganata ko na rantse. Shekara da shekaru ina sayar musu da ƙarya suna dariya, ranar da na kawo gaskiya ita ma dariyar suka yi.

Sati na huɗu amai ya zo, da gudawa, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa. A nan dole in yi wa Yaya adalci. Ita ke ɗaga shi, ita ke wanke shi, ita ke tauna goro ta goga masa a leɓe. Tsohuwa ce da ta girme ni, amma tun da ya kwanta ban ga ta miƙe bayanta a tabarma ba. Abin da ta yi masa ni ban yi rabinsa ba.

Na rasa ta inda zan ɓullo mata, sai na koma sana'ata. Na ce mata gardi ya zo da saƙo, kumandan ya ce duk wanda ya shiga rijiyar nan a kai shi gidan likita, in ba haka ba a ɗaure mai gida. Wannan ƙaryar ta yarda da ita nan take. Tunkiyar Zali ta tafi kasuwa don kuɗin mota. Kafin mu tashi na faki ido na sa hannu a gindin tukunya, na kwaso abin da ya kwanta na ƙulle a hulata. Muka ɗora shi a jaki zuwa bakin hanya, daga nan muka hau kan buhunan gyaɗa a kamyo har Magarya.

Lokacin cinikin gyaɗa ne, gari ya cika. Layin gidan likita ya zagaye katanga, masu kurkunu, masu ciwon ido, mata da yara masu tari. Gardi na tsaye da bulala yana gyara layi. Ranar farko rana ta faɗi ba mu kai ƙofa ba. Ina gode wa wata mai fura da ban san sunanta ba, ta cire tabarmar rumfarta ta kare masa rana, ita ta zauna a fili. Allah ya yi mata inuwa.

Washegari muka shiga, ni da yaron. Gardi ya tare Yaya a waje, ya ce mutum ɗaya. Likitan baƙin mutum ne daga can bakin teku, hausarsa na ɗingishi. An ce babban, anasara, yana Damagaram. Ya buɗe idon yaron, ya taɓa wuyansa.

“Me ya sha?”

“Magani.”

“Wane?”

Na juye masa hulata a kan tebur. Ya toshe hanci, ya sa tsinke yana rarrabawa. Da ya kwance tsumman maharbi, ko ni ban nemi bayani ba. 'Ya'yan zaƙami ne, wanda ko akuya ke ratsewa ta bar shi.

Ya ce, “Wannan na sani. Yana kashewa. Wannan ban sani ba. Wannan ma ban sani ba.”

Na ce, “Likita, cikin sauran ba mai aiki?”

“Wataƙila akwai. Wataƙila akwai mai kyau ƙwarai. Amma wa ya auna? Wa ya ba mutum shi kaɗai, ya zauna ya duba? Kun sa duka wuri ɗaya. Yanzu ni ba na iya faɗi, anasara ma ba ya iya faɗi.”

Ya ce a daina tukunya ɗungum. Ya ba ni kwalba da wani ruwa mai gishiri-gishiri, sunansa ya zauna mini har yau, buromir. Ya ce sai baƙin ido ya koma daidai, sannan cokali ɗaya da yamma.

Na ce, “Naka fa, an auna shi?”

“An auna. Ɗaya. Ba biyu ba.”

“Yana warkar da firgita?”

“Yana sa barci.” Ya ɗaga kafaɗa, ya kira na gaba.

Na gode masa da bai yi mini ƙarya ba. Amma ina da ƙorafi. Gado babu, ya ce mu koma gida da mutumin da ba ya iya tsayuwa. Kuma da ya leƙo ƙofa ya faɗa wa Yaya maganar nan da bakinsa, da farar rigarsa, da ta ji. Sai ya faɗa wa Tanko.

Duk da haka tsumman zaƙami da na nuna mata ya girgiza ta. Ta yarda a dakata. Zubarwa kuwa ta ce sai bayan ranta, ta rufe tukunyar da faifai ta tura ta lungu.

Sati na biyar idonsa ya dawo, fitsari ya sake, ya nemi tuwo, ya gane 'ya'yansa. Tsoron ma ya dawo, har ya fi na da. Ya koma gindin bedi, in tsuntsu ya tashi sai ya dafe kai ya yi ƙara. Gari ya ce to, ga shaida, an bar maganin gida an kama na anasara, ciwo ya dawo. Ni kuwa na koma da kabata na zauna gefe. Ran nan, ba tare da ya dube ni ba, ya yi magana.

“Baba, kada a sake ba ni na tukunya.”

Na ce, “Ai sun ce ka samu sauƙi da shi.”

“Ban fita daga rijiyar ba ko sau ɗaya. Ina ciki, ƙasa na zubowa, ina kiran ku, ku kuna guɗa. Wannan tsoron ya fi mini. Ko ba komai ina iya faɗa.”

Sai ya ja kaba.

A satin ne maigari ya tara masu gidaje, ya ce sai mun kai gyaɗa awo da kanmu saboda lanho, wato haraji, wanda bai je ba gardi zai zo. Na damƙa wa Zali kwalba da cokali, na gaya wa Yaya abin da yaron ya ce. Ta ce ta ji. Awon ya ja mu kwanaki.

Abin da ya faru bayana Zali ce ta ba ni. Wani ɗan maƙwabta ya jefa dutse a kan kwanon awo, ƙarar ta tashi yaron, ya yi ta ihu yana tonon ƙasa da hannu har farce ya fita. Yaya ta riƙe shi, ya fi ƙarfinta. Ta jawo tukunya. Don kada a ce ta raina likita, ta karɓi kwalbar a hannun Zali ta juye ta duka a ciki, kamar yadda ake yi wa maganin kowane baƙo, ta kurɓa a madadin likitan. Zali suruka ce, yaya za ta riƙe hannun uwar miji? Aka ba shi ƙoƙo. Da yamma aka ƙara.

Na dawo na tarar da gida ana murna. Yaya ta tare ni a ƙofa tana cewa in taka a hankali, tun jiya yake barci. Na shiga. Numfashi ne a ja, a tsaya, sai ka fid da rai sannan a sake ja. Na kira shi, na girgiza shi. Muka ɗaga kansa muka zuba fura, ta dawo ta gefen baki. Na fita neman jaki. Kafin in ɗaura akumari Zali ta fasa kuka.

Ba zan ce ga abin da ya kashe shi ba. Ko abin da zaƙami ya bari a ruwan, ko sanya, ko saiwar Kurmi, ko kwalbar likita, ko haɗuwarsu, ko dai kwana ne ya ƙare. Ba zan ce kuma maganin gida ƙarya ne ba, wataƙila ɗoɗɗoyar Zali ta yi aiki, wataƙila cikin saiwoyin nan akwai wadda da ita kaɗai aka ba shi, da awo, da yanzu yana nan. Mun rufe wa kanmu hanyar sani. Abin da zan ce wa mai jinya shi ne, ka ba da abu ɗaya, ka san sunansa, ka san yawansa, ka zauna ka duba. In an ce mujarrabi ne, ka tambayi wa ya sha, yanzu yana ina. Mai kawowa ya yi fushi, fushi na wucewa. In mai ciwo ya yi shiru, kada ka yi guɗa sai ka tambaye shi inda yake.

Bayan sadakar bakwai wata mata ta yi sallama da gora a hannu. Ta ce daga wajen Mallawa take, mijinta ya dawo daga soja yana rawar jiki, ba ya barci. An gaya mata akwai tukunya a gidan nan da ta kwantar wa wani da hankali.

Na ce, “Baiwar Allah, wanda ya sha mun binne shi.”

Ta ce, “An faɗa mini. An ce ajali ne. Amma ai ya daina firgita.”

Yaya ta dafa ƙasa za ta miƙe. Na riga ta. Na rungumi tukunyar, bayana na ƙara, na kai ta bayan gida na kifar a kan rairayi. Matar ta ce ba ta taɓa ganin rowa irin tawa ba, ta tafi tana Allah ya isa. Na dawo ina jiran faɗan Yaya. Ba ta yi ba. Tana zaune gindin bedi, hannuwanta a cinya, duk ta ƙanƙance.

“Tanko.”

“Na'am, Yaya.”

“Ai ya samu barci, ko? Ka gaya mini ya samu barci.”

Na ce, “Ya samu, Yaya.”

Da safe na zaga bayan gida. An kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar da na zuba ruwan a kai, da saiwoyin, da komai, har an bar rami. Ga sawun mutane ba na mutum ɗaya ba, wasu sun yi gabas, wasu sun yi kudu. Ban san gidajen da ta shiga ba. Shi ya sa na je wurin liman na roƙi tawada. Allah ya jiƙan namu, ya sa takardar nan ta riga ƙasar isa.